Ranar da Abdulgani Ya Ci Zabin Tungar Sambo

Akwai wani direban tirela a Gwandu mai suna Abdulgani. Kakkauran mutum ne mai babbar murya, in ya yi dariya a teburin mai shayi har bakin tasha ana jiyo shi. Ya daɗe a kan sitiyari. Ya kai albasa Legas, ya ɗauko siminti daga Sakkwato, ya sha kai shanu kudu ya dawo da katako. Hannunsa yana da kyau, wannan kowa ya shaida. Bai taɓa kayar da mota ba, bai taɓa take ko ɗan tsako ba.

Aibinsa ɗaya ne. Ba ya tambayar hanya.

Kuma ba mantuwa ba ce, alfahari yake yi da abin. "Ni?" yakan ce, yana kaɗa cokali a kofi. "In tsaya in leƙo da kai in ce wa mutum don Allah ina hanya? Ai ranar sai in ajiye makulli in koma sayar da rake."

In ya ga ƙananan direbobi suna duba hanya a waya, sai ya ja tsaki. "Wayar da aka ƙera bara ce za ta nuna wa Abdulgani hanya?"

Wata rana da damina, gero ya fara fitar da kai, sai Alhaji Muzzammil ya aika a kira shi. Alhaji Muzzammil ɗan kasuwar hatsi ne a Gwandu. Mahaifiyarsa ta rasu a shekarar, sai ya haƙa rijiyar burtsatse a ƙauyen da aka haife ta, Tungar Hassan, can bayan Dangoma a ƙasar Kalgo, don ladan ya je mata. An gama haƙa. Saura a kai tanki, da ƙarafan da za a ɗora shi a kai, da bututu, da siminti. Tankin baƙi ne, ƙato, ya fi rumbun gidan maigari girma.

Alhaji ya ce, "Gobe bayan azahar za a yi addu'a da walima. Na gayyaci malamai, na gayyaci dangin uwata kaf. Ina so su ga kayan nan a ƙasa kafin a ɗaga hannu. Ni zan riga ka tafiya. To ka ji, in ka wuce Kalgo ka ɗauki hanyar Dangoma, can gaba za ka tarar da wata mararraba mai tsamiya, sai ka..."

Abdulgani ya ɗaga hannu. "Alhaji, ya isa. Kalgo ai tsakar gidana ce."

Gaskiyar magana, abin da ya sani na Kalgo shi ne kwalta da mai tsiren bakin hanya. Bai taɓa sauka burji a ƙasar ba.

Da safe suka ɗau hanya shi da Malam Haliru, mai haɗa famfo, wanda Alhaji ya ɗauka don ya haɗa bututun. Malam Haliru siririn dattijo ne marar yawan magana, ya rungume jakar kayan aikinsa a cinya kamar jariri. Shi ma bai taɓa zuwa Tungar Hassan ba.

Suka wuce Kalgo lafiya, suka sauka daga kwalta. Hantsi ya ɗaga sai ga mararraba, ga tsamiya. Hanya ta rabu biyu. Ta hagu faffaɗa ce, ta dama kuwa ta ɗan matse.

Malam Haliru ya gyara murya. "Direba, ga wata tsohuwa can gindin tsamiya. Da mun tsaya mun tambaya."

"Malam Haliru, kai famfo ka sani ko hanya?"

"Famfo."

"To ka bar ni da hanya."

Ya karya kan mota hagu. Tsohuwar nan, wadda ke zaune da ƙwarya a gabanta, sai ta miƙe tana ɗaga hannu biyu, tana wata magana da ƙarar inji ta haɗiye. Abdulgani ya danna mata oda har sau biyu, ya leƙo ta taga.

"Ba ma shan nono, Inna! Allah ya ba da kasuwa!"

Ya taka totur, ya bar ta tana ɗaga hannu.

Da farko hanya ta yi daɗi. Can sai ta fara ramewa. Gero ya matso daga dama, ya matso daga hagu, har ganye ya fara shafar madubi. Malam Haliru ya dubi gaba, ya dubi direba.

"Hanyar nan fa kamar ta jakai ce."

"Yanke ne," in ji Abdulgani. "Mu tsofaffin hannu ta nan muke bi."

Ya san kuwa babu inda tirela za ta juya a nan. Amma ya dake, har da ɗan fito.

Ba su ankara ba sai gero ya buɗe, ga wani ɗan ƙauye, ga masallacin ƙasa. Hanya ta zo daidai ƙofar masallacin ta ƙare, kamar an yanke ta da wuƙa. Abdulgani ya taka birki, mota ta yi ajiyar zuciya.

Yara suka fara fitowa, suka ga tanki, suka kwasa da gudu cikin gidaje suna ihu. Kafin ya kashe mota, guɗa ta tashi daga kowane lungu. Wani dogon dattijo mai farin gemu ya fito yana gyara rawani, takalminsa ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu. Shi ne Maigari Sambo.

Abdulgani ya diro, ya ce, "Salamu alaikum. Nan ne Tunga?"

"Awo, nan na Tunga!" jama'a suka amsa baki ɗaya.

"To Alhaji ne ya aiko ni da kayan ruwa."

Maigari ya yar da takalmin, ya rungume shi, sai hawaye. "Allahu Akbar! Ashe Alhaji bai mance da mu ba! Munka jira, munka jira, har munka fid da rai."

Abin da Abdulgani bai sani ba shi ne, shekarun baya wani Alhaji mai neman ƙuri'a ya zo ƙauyen ya yi musu alkawarin ruwa, ya tafi, ko ƙurarsa ba su sake gani ba. Rijiyarsu ɗaya ce, ta rufta rabi. Mata sai sun yi tafiya mai nisa zuwa fadama kafin su samo ruwan da za a sha, shi ma ja kamar kunun kanwa.

Abdulgani ya juya ya dubi Malam Haliru, ya ɗaga gira. "Ka gani? Da na biye maka da yanzu muna gindin tsamiya muna shan nono."

Nan da nan aka shimfiɗa sabuwar tabarma a inuwar masallaci. Aka bi zabi da gudu, aka kama, aka yanka. Aka kawo fura mai sanyi a ƙwarya. Wani maroƙi, da ba a san daga ina ya ɓullo ba, ya tsaya a kan Abdulgani yana zuba masa kirari, yana kiransa giwar kan hanya, mai kawo kogi a bayan mota. Abdulgani ya miƙe ƙafa, ya tura hula gaban goshi. Samari kuwa suka hau mota suka kwance igiya, suka jingina katakai, suka gangaro da tanki ƙasa suna kabbara.

Malam Haliru dai bai zauna ba. Ya zaga bayan masallaci, ya zaga gaban gidan maigari, ya dawo ya tsuguna kusa da direba.

"Ban ga rijiyar burtsatse ba."

"Za a nuna maka. Ci nama."

"Kuma ban ga motar Alhaji ba. Ban ga malamai ba."

"Manya ai ba sa sammako. Malam Haliru, ka cika ƙorafi. Ga cinya nan, ɗauki."

Abdulgani ya ci zabi ya yi nak, ya sha romo, ya suɗe yatsu. Da aka ce ya yi wa jama'a magana, bai yi musu ba. Ya miƙe ya ce daga yau an gama wahalar ruwa a Tunga, ya ce shi da kansa ya zaɓi ya kawo kayan don bai yarda da hannun kowa ba. Aka yi tafi. Mata kuwa tuni sun jera bokitai da jarkoki da tukwane a gaban tanki, layi har bakin gona, ko da yake babu ɗigon ruwa a cikinsa.

Sai Abdulgani ya ce bari ya kira Alhaji ya shaida masa an sauke. Waya ba sabis. Aka ce ai sai an hau surin bayan gari. Gari duka ya bi shi. Ya hau kan suri, ya ɗaga waya sama, ta shiga. Don jama'a su ji da kunnensu, ya buɗe muryar wayar.

"Alhaji, barka da rana! Kaya sun iso, har an sauke."

"An sauke a ina?" Muryar Alhaji ta fito a sama. "Ina tsaye a ƙofar masallaci tun ɗazu, ko keke ban gani ba!"

Abdulgani ya yi dariya. "Alhaji ke nan. Ai ni ma daga ƙofar masallacin nake. Ga ma Maigari zai yi godiya."

Maigari Sambo ya kama hannunsa, ya kai baki kusa da waya, ya ɗaga murya kamar mai kiran salla. "Ranka shi daɗe! Allah shi saka da alheri! Duk mutanen Tungar Sambo na godiya!"

Muryar Alhaji ta canza.

"Tungar wa?"

"Tungar Sambo, ranka shi daɗe."

"Abdulgani!" Wayar har rawa take. "Tungar Hassan na ce maka! Hassan! Wane ne Sambo?"

Maroƙi, wanda ya buɗe baki zai ɗora sabon kirari, ya rufe shi a hankali. Abdulgani ya tsaya a kan suri, hannu a sama. Ya nemi hanyar sauka ya rasa, sai da Malam Haliru ya miƙa masa hannu.

Wani saurayi mai zafin kai, Sani, ya fara magana. "Wallahi ba a mai da shi! Abin da ya shigo Tunga ya shigo. Ya ci zabinmu, mun ci tankinsa!"

Samari suka ɗauka, "Ƙwarai! Ƙwarai!"

Maigari ya tambayi Malam Haliru ko kayan na wane ne. Malam Haliru ya gaya masa komai, har da rasuwar mahaifiyar Alhaji. Dattijon ya juya wurin Sani.

"Sani, rufe bakinka. Sadakar mamaciya ce. Ba mu shan ruwan da ba namu ba. Ku mai da shi bisa mota yadda kunka sauke shi."

Suka koma ƙofar masallaci. Abdulgani yana tsaye ya ga wata mata mai goyo, Binta, wadda ita ce ta farko a layi, ta sunkuya ta ɗauki bokitinta. Ba ta zage shi ba, ko kallonsa ba ta yi ba. Ta ɗora bokitin a ka, ta kama hanyar fadama cikin rana. Sauran mata suka bi bayanta ɗaya bayan ɗaya. Da zaginsa suka yi da ya fi masa sauƙi.

Ana cikin ɗaure tanki sai ga tsohuwar gindin tsamiya ta iso a ƙafa, ƙwaryarta a ka. Ashe Hajjo ce, yayar Maigari. Ta tsaya gaban Abdulgani, ta dube shi daga hula har takalmi.

"Kai ne mai oda?"

"Ni ne, Inna."

"Ina ce maka wagga hanya ba ta ɓullewa, kana ce mini ba ka shan nono. Wa ya yi maka tallan nono? Ƙwaryar ma babu komai ciki, tun safe na sayar."

Yara suka fashe da dariya. Abdulgani ya sunkuyar da kai.

Saura fita. Babu filin juyawa, gero dama gero hagu, kuma abincin mutane ne na shekara. Dole sai da baya, tun daga ƙofar masallaci har tsamiya. Wanda ya san tirela ya san ribas ɗinta ba wasa ba ne: ka murza hagu, gindinta ya tafi dama.

Abdulgani ya shiga ya sa giya. Gari duka ya zama malamin tuƙi. Wannan na cewa "Dama!" wancan na cewa "Hagu!" maroƙi na cewa "Taho dai, giwa!" Kafin a ce haka, tayar baya ta faɗa kunyar gona ta nutse a laka.

Aka kawo shanun huɗa, aka kawo fartanya da kara da duwatsu. Mutanen da ya ci wa zabi, ya kuma kunyata, su ne suka tuɓe riguna suka shiga laka har gwiwa. Sani mai zafin kai shi ne a gaba, yana turi yana ƙunƙuni. Da ƙyar mota ta fito.

Hajjo ta ɗaga ludayinta. "Kowa shi yi shiru! Kun ruɗa bawan Allah. Kai mai oda, ni kaɗai za ka duba a madubinka. In ba ka gane ba, ka tambaya."

Ta koma bayan mota ta gefen direba, tana tafiya tana juya ludayi. Ba a yi nisa ba hanya ta lanƙwasa, ganye ya rufe madubi. Abdulgani ya taka birki. Zufa na zuba. Malam Haliru na gefe yana jan carbi.

A hankali Abdulgani ya leƙo da kai ta taga. "Inna... ina zan bi?"

"Mi ka ce? Kunnena ya tsufa."

"Na ce ina zan bi?"

"Ɗaga murya, ɗana. Ɗazu da kana oda ai har Kalgo an ji ka."

Abdulgani ya rufe ido, ya buɗe maƙogwaro. "INNA, DON ALLAH INA HANYA?"

Dariya ta ɓarke tun daga bayan mota har ƙofar masallaci. Malam Haliru ya tura fuska cikin jakar kayan aiki, kafaɗunsa na rawa. Haka aka yi ta yi, lanƙwasa bayan lanƙwasa, yana tambaya tana nunawa, har suka fito tsamiya ba tare da an karya karan gero ko ɗaya ba bayan na wurin lakar.

Maigari Sambo ya ce ba zai bar shi ya tafi shi kaɗai ba. Ya hau gaba ya zauna tsakaninsu, ya nuna hanyar dama.

Sun isa Tungar Hassan bayan la'asar. Malamai sun yi addu'a sun tafi, shinkafa ta huce, dangi sun fara watsewa. Alhaji Muzzammil na tsaye, fuska kamar hadari. Kafin ya buɗe baki, Maigari ya sauko ya gaishe shi, ya yi masa ta'aziyya, ya ce, "Ranka shi daɗe, ga amanarka, ko ƙusa ba ta ɓata ba. Direbanka kuwa ka yi masa haƙuri. Abin da ya sha yau ya ishe shi."

Alhaji ya ce a ba shi labari. Malam Haliru, wanda tun safe bai yi dogon zance ba, ya zauna ya zayyana komai, bai rage ko kirarin maroƙi ba. Da aka zo wurin suri, Alhaji ya fara murmushi. Da aka zo wurin ludayi, sai da ya dafa mota don dariya.

"Abdulgani, har jawabi ka yi?"

"Na yi, Alhaji."

"Ka ci zabi?"

"Har da romo, Alhaji."

Da dariya ta lafa, Alhaji ya tambayi Maigari ina suke samun ruwa. Maigari ya faɗa masa a taƙaice, ba roƙo ba ƙorafi. Alhaji ya ce gaskiya bana ƙarfinsa ba zai kai rijiya biyu ba, amma in an samu masu haƙawa, tanki a wuyansa.

Abdulgani ya koma Gwandu, amma abin bai bar shi ba. Duk lokacin da ya ɗaga kofin ruwa sai ya tuna matar nan da bokitinta. Ya san labari zai iso tasha ko ya so ko bai so ba, sai ya riga kowa. Ya zauna a teburin mai shayi ya ba da shi da bakinsa, har yana kwaikwayon muryar Hajjo. Direbobi suka yi dariya har wani ya ƙware da shayi. Da suka gama, ya cire hularsa ya ajiye a tsakiyar tebur.

"To, kun yi dariya. Ba kyauta ba ce. Mutanen nan ba su da ruwa."

Haka ya yi ta yawo da labarin, daga tasha zuwa kasuwar hatsi, daga Gwandu har Dodoru. Duk inda aka yi masa dariya sai ya miƙa hula. Mutumin da a da ba ya son a ga kasawarsa, shi ne ya mai da kunyarsa abin tallatawa. Malam Haliru ya ce aikin hannunsa sadaka ne. Bayan an gama girbi aka haƙa rijiya a Tungar Sambo da kuɗin da ya tara.

Ranar kai tanki, Abdulgani ya bar tirela a gida, ya ari ƙaramar motar kaya, kanta, wadda za ta iya juyawa. Malam Haliru ya ce tafiyar ta fi ta farko tsawo, don tun daga Kalgo direba ke tsayawa yana sallama.

Da suka isa ƙofar masallaci, ba guɗa, ba ihu. Gari duka ya fito ya tsaya shiru, an harɗe hannuwa. Zabi na kiwonsu hankali kwance. Maigari Sambo ya matso a hankali, ya dubi tanki, ya dubi direba.

"Malam Abdulgani, kafin mu yanka komai. Ka tabbata nan anka aiko ka?"

Abdulgani ya dafa ƙirji. "Ranka ya daɗe, babu wanda ban tambaya ba. Mai faci, mai rake, masu kiwo. Har wani mutum na gani tsaye a gona da hula, na yi ta sallama bai amsa ba."

Malam Haliru ya ce, "Mutum-mutumin korar tsuntsaye ne. Sai da na ja shi."

Hajjo ta juya ta dubi matan da ke bayanta. "To mi kuke jira? Ku yi guɗa. Yara, a kamo zabin."

Darasi: Komai daɗewarka a kan sana'a, akwai lungun da ba ka sani ba, kuma tambaya ba ta rage wa kowa girma. Girman kai ba kai kaɗai yake wahalarwa ba, yana iya sa bayin Allah su jera bokiti a gaban tankin da ba nasu ba. In kuma ka yi kuskure, kada ka tsaya ɓoyewa, ka nemi hanyar gyara abin da ka ɓata. Sannan ka dubi mutanen Tungar Sambo: sun mayar da abin da ba nasu ba alhali suna cikin ƙishi, Allah kuwa bai bar su haka ba. Ka tura wannan labari ga direban da ka sani, da duk wani ɗan'uwa da ke jin nauyin cewa "ban sani ba", ko Allah zai sa ya amfana.